A Ajiye Taba, A Ɗauki Sarewa

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai shan taba ya san wannan magana: "Daga ƙarshen watan nan na bari." Wata ya mutu, wani ya tsaya, kwalin sigari yana nan cikin aljihu. Ba yaudara mutumin yake yi ba, da zuciya ɗaya yake faɗi. Wani har yakan kakkarya sauran karan da suka rage masa ya watsar, amma kafin kwana uku sai a hange shi a teburin mai shayi yana tambayar wa ke da ashana.

Mun saba cewa irin wannan mutum ba shi da ƙarfin zuciya. Sau da yawa ba nan wahalar take ba. Ya ajiye taba, amma bai ɗauki kome a madadinta ba. Hannunsa na zaune ba aiki, bakinsa ma haka, lokacin da ya saba busa hayaƙi kuma ya zama fili. A wannan wata ina so mu duba wata dabara wadda ba ta fi ƙarfin talaka ba, wato mai son barin taba ya koyi busa ko kaɗa wani abin kiɗa, sarewa ce, ko molo, ko jita, ko abin da ya samu.

Igiya Biyu

Taba tana ɗaure mutum da igiya biyu. Ta fari tana cikin jini. A ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Da mutum ya zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin ya kai ƙwaƙwalwa, sai ya ji wani ɗan daɗi da sakewa. Amma ba ya daɗewa a jiki, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Shi ya sa mashayi ke neman wani kara ba da jimawa ba, shi ya sa kuma tabar safe ta fi kowacce ja, domin jiki ya kwana babu. In mutum ya daina, jiki yakan yi bore. Sai saurin fushi, da rashin barci, da ciwon kai, da yawan jin yunwa, da kasa tara hankali wuri ɗaya. Wannan wahala takan fi tsanani a kwana 2 ko 3 na fari, sa'an nan ta riƙa raguwa cikin mako 2 zuwa 4.

Igiya ta biyu ita ce sabo. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce mutum yana shan kwali ɗaya a rana, wato kara 20, kowane kara kuma yana zuƙarsa sau 10. Ke nan hannunsa yana zuwa bakinsa sau 200 a rana, sau 73,000 a shekara. Wane ɗan makaranta ne ya taɓa maimaita darasi sau 73,000? Ga shi kuma an ɗaura abin a kan lokatai sanannu: bayan tuwo, tare da shayin safe, in an fasa goro, lokacin hutu a wurin aiki, in rai ya ɓaci, in an zauna hira da abokai. Nikotin yakan fita daga jiki cikin 'yan kwanaki, amma sabo yakan bi mutum watanni. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mutane da yawa sun ci jarrabawar makon fari, sai igiya ta biyu ta jawo su baya a wata na biyu ko na uku. Wannan igiya ta biyu ita ce abin kiɗa ke taimako a tsinke.

Abin Da Ake Ceto

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san nauyin abin da ake magana a kai. A shekarar 1951 waɗansu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fara bin lafiyar likitocin ƙasarsu, maza kimanin 34,000. An yi shekara 50 ana binsu. Da aka fitar da sakamako a 2004, sai aka ga masu shan taba sun rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsu in an gwada su da waɗanda ba su taɓa sha ba. Amma ga labari mai daɗi a ciki. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya ceci kusan dukan shekara goman nan. Wanda ya daina a 40 ya ceci kamar 9, a 50 kamar 6, har wanda ya daina a 60 ya ceci kamar shekara 3. Kada dattijo ya ce lokaci ya wuce masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba su sha ba, hayaƙin waɗansu suka shaƙa. Cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna kawo ciwon daji. A Nijeriya dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Amma doka ba ta shiga tsakar gida. A can yara ne ke shaƙa, su ne ke fama da ciwon kunne, da ciwon haƙarƙari, da tashin asma.

Jiki kuwa ba ya riƙe mutum da laifi in ya daina. Cikin awa 12 iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙi, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, takan ragu a jini ta koma daidai. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini yakan gyaru, huhu ya ƙara ƙarfi. Cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki sukan ragu. Bayan shekara ɗaya, haɗarin ciwon zuciya yakan sauka zuwa kamar rabin na mai sha.

Gidan Da Aka Share

A cikin Matiyu sura 12, Ubangijinmu ya ba da misalin mugun ruhu da ya fita daga mutum, ya yi yawo, ya dawo ya tarar da gidan a share amma ba kowa ciki, sai ya sake shiga har da abokai. Mu malaman makaranta muna ganin ƙaramin misalin wannan kullum. Ka ƙwace wa yaro abin wasa ka bar shi hannu sake, kafin ka juya ya samo wani abin da ya fi na dā ɓarna. Ka ba shi alli da allo, sai ka sami lafiya. Babba ma haka yake. Ga abubuwa huɗu da abin kiɗa ke cikewa a gidan da aka share.

Na fari, hannu da baki. Marmarin taba yakan taso kamar guguwa, amma ba ya zama. Yawanci cikin minti 3 zuwa 5 ya lafa, ko an sha ko ba a sha ba. Duk yaƙin yana cikin waɗannan mintoci. Mai riƙe da sarewa da hannu biyu, bakinsa a kanta, ba shi da inda zai sa karan sigari. Waƙa ɗaya mai baiti huɗu ta isa ta ƙetarar da shi.

Na biyu, numfashi. Ku lura da mai shan taba in ransa ya ɓaci. Yakan fita waje, ya ja numfashi mai zurfi, ya sake shi a hankali. Wani ɓangare na natsuwar da yake ji daga wannan ne, domin sakin numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Mai busa sarewa daidai wannan yake yi, sai dai iska mai tsabta yake ja.

Na uku, lokaci. Kara ɗaya yakan ci kamar minti 5. Kara 20 minti 100 ke nan a rana, fiye da awa ɗaya da rabi. Mai cewa ba shi da lokacin koyon kiɗa bai san yana da shi a aljihu ba. Ko kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci ya ba molo kowace rana, zai ji bambanci a yatsunsa kafin wata ya ƙare.

Na huɗu, abokai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yawancin mashaya a cikin abokai suka koya, cikin abokai kuma suke komawa. Ba shi da sauƙi a ce wa mutum ya bar majalisar da ya saba zama shekara 15, in ba a nuna masa wata ba. Abin kiɗa yakan kai mutum wurin masu koyo irinsa, wurin koyon waƙa na ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, ko wurin masu ganga da begila na Birged ɗin samari, inda ba mai miƙa masa taba.

Wanne Za A Zaɓa?

Wanda bakinsa ne ya fi damunsa, ya nemi abin busa. Sarewa irin ta makiyaya, wadda ake yi da kara ko gora, tana da 'yan huda kaɗan kuma kusan kyauta ce. Akwai kuma sarewar roba ta 'yan makaranta mai huda 8, bakwai a gaba ɗaya a baya. Ita ba ta da wuyar fitar da murya, duk wanda ya san do, re, mi daga wurin koyon waƙa zai kama ta da sauri.

Akwai wani ɗan abin busa na Turawa da ake kira hamonika. Ƙaramar tana da huda 10, tana shiga daidai aljihun da kwalin sigari ke zama. Abin da ya bambanta ta shi ne tana ba da murya in ka hura, tana kuma ba da wata in ka zuƙa. Saboda haka hannun da ya saba zuwa aljihu zai tarar da abu, bakin da ya saba zuƙa zai sami abin zuƙa. A Amurka wata ƙungiya mai taimakon masu ciwon toshewar huhu, mai suna COPD Foundation, tana da shiri na koya wa marasa lafiya busa hamonika don su riƙa motsa numfashinsu. A Ingila kuma akwai ƙungiyoyin waƙa da aka kafa musamman domin masu ciwon huhu.

Algaita da kakaki a bar su tukuna. Suna bukatar ƙarfin huhu da malami, kuma maƙwabta ba za su gode ba.

Wanda yatsunsa ne ba su iya zama, ya nemi abin kaɗawa. Molo, da garaya, da gurmi duk namu ne, akwai masu yinsu a kasuwanninmu. Kada kowa ya ce sai ya tara kuɗi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, na gwangwani da fata, ya zaga ƙasashen duniya. Jita tana da tsirkiya 6, amma da kamun yatsu iri uku kawai ana iya raka waƙoƙin sujada masu yawa. Mai koyonta ya sani bakin yatsunsa zai yi zafi mako 2 ko 3 kafin ya yi kanta. Kusan daidai lokacin da jiki ke boren rashin nikotin ke nan, sai wahalar biyu su wuce tare.

Mata ma akwai masu shan taba, akwai kuma masu ƙunsa garinta a baki ko shaƙa ta a hanci. Su ba su da nisa da mafita. Tulu, da kuge, da caki na zumuntar mata suna jiran hannu.

Yadda Za A Fara

Ka sami abin kiɗan tun kafin ka daina, kamar da mako biyu. Ka fara koyo, don ranar da ka ajiye taba hannunka ya riga ya san inda zai je. Ranar da jiki ke bore ba ranar koyon riƙon sarewa ba ce.

Ka sa rana, ka faɗa wa iyalinka da abokinka na kusa. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, amma ba sai ka jira ta ba. Daren da za ka daina, ka fitar da taba, da ashana, da duk abin da ke tuna maka, ka sa a wanke tufafin da suka sha hayaƙi.

Ka ɗauki takarda ka rubuta lokatan da ka saba sha. A kowanne ka sa kiɗa. In bayan tuwon dare ne, da ka wanke hannu ka ɗauki molo kafin ka miƙe. In lokacin hutu ne a wurin aiki, ka fita waje yadda ka saba, amma da sarewa. In wurin bai dace da busa ba, ka sha ruwa, ka motsa yatsunka a kan hudojin ba tare da hurawa ba har marmarin ya wuce.

Ka zaɓi waƙa ɗaya da kake so ƙwarai, ka ce sai ka iya ta kafin Kirsimeti, ko kafin bikin godiya na kaka. Mai barin taba yakan ƙidaya abin da ya rasa. Mai koyon waƙa yana ƙidaya abin da ya samu.

Ga kuma wani awo mai ƙarfafa zuciya. Kowace Lahadi ka ja numfashi, ka busa murya ɗaya ko ka rera ta, ɗanka ya duba agogo ya ga daƙiƙa nawa ka kai. A rubuta a kalanda. Kada ka firgita in tari ya ƙaru a makonnin fari. A hanyar iska akwai waɗansu ƙananan gashi da ke share datti, hayaƙi ne ya kwantar da su. Da ka daina sai su farfaɗo su fara fitar da majinar da ta taru.

Kuɗin taba kuwa a riƙa jefa shi a asusu kowace rana. Mai shan kara 10 a rana yana sayen kara 3,650 a shekara. Kowa ya buga wannan da farashin garinsu, ya ga ko bai sayi jita ba har da canjin kuɗin makaranta.

Sarewa Ba Laya Ba Ce

Kada wani ya ɗauka kiɗa da kansa yana kore taba. Nat King Cole, shahararren mawaƙi kuma mai kaɗa piyano na Amurka, mashayin taba ne ƙwarai, ciwon dajin huhu ya kashe shi a 1965 yana da shekara 45. Makaɗa da yawa a ko'ina suna sha, domin sana'arsu tana kai su gidajen giya da na rawa. Wanda ya koyi jita ya ɗauke ta zuwa inda hayaƙi ya turnuƙe, ya gudu ne bai tsira ba. Niyya ce ke gaba, abin kiɗa mataimaki ne.

Haka kuma sarewa ba ta taɓa igiya ta fari, wato nikotin. Wanda ke kunna taba da ya buɗe ido da safe, ko yake shan kwali guda ko fiye a rana, ya je asibiti ya nemi shawara. Akwai cingam da filasta masu ɗan nikotin da ake rage ƙarfinsu a hankali, akwai kuma ƙwayoyin magani da likita ke rubutawa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga ma'aikatan lafiya, inda ta nuna cewa haɗa magani da shawara ya fi ba da nasara. Neman wannan taimako ba rashin bangaskiya ba ne, kamar yadda shan maganin zazzaɓi ba rashin bangaskiya ba ne. Kada kuma a sauya sigari da shisha, ko lofe, ko garin taba. Duk kanwar ja ce.

Mai ciwon zuciya, ko mai tarin da ya wuce mako 2, ko wanda ya ga jini a kakinsa, ya ga likita kafin ya fara busa. Abin busa kuma ba a aronsa baki da baki. Kowa ya riƙe nasa, ya riƙa goge shi.

In kuwa ka zame ka sha kara ɗaya, kada ka ce shi ke nan an gama. Yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da yawa. Mai koyon molo in ya kuskure tsirkiya ba ya fasa molon, komawa yake yi farkon baitin. Ka duba abin da ya ja ka, a ina ne, da wa kake, ka toshe wannan ƙofa, ka sake farawa a ranar.

Aikin Mutanen Gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwargida, ki sani makonnin fari ba za su yi daɗi ba. Maigida zai yi saurin fushi, sarewar kuma za ta riƙa kuka kamar ɗan akuyan da aka raba da uwarsa. Ki daure. Kada ki yi masa dariya a gaban yara, kada ki tuna masa sau nawa ya yi alkawari a dā. Ki ajiye masa gyaɗa, ko rake, ko aya, domin bakinsa zai nemi abin tauna. Wannan ƙarar da ke damun kunnenki ta fi tarin tsakar dare sauƙi.

Yara, in kun iya do, re, mi a makaranta, ku koya wa Baba. Ba abin kunya ba ne uba ya zauna gaban ɗansa ya koyi abu. Yaron da ya ga babansa yana fama har ya rabu da taba ya sami darasin da ba a rubuta shi a allo, kuma da wuya ya yarda in abokai suka miƙa masa kara.

Shugabannin mawaƙa da dattawan ikilisiya, ku ma da naku. Ɗan'uwan da ke fama da taba yakan zauna a bencin baya, ya fita kafin a tashi don kada a ji wari a jikinsa. Ya riga ya san abin da yake yi ba shi da kyau, ba wa'azin ne ya rasa ba. Ku kira shi ranar koyon waƙa, ku sa masa wani abu a hannu, ko da caki ne, ku ce kuna jiransa mako mai zuwa. In bai zo ba, a aika a tambayi lafiyarsa.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya karanta wannan kuma ya san kansa, ya duba kalanda yau ya sa rana, gobe ya nemi sarewarsa. Allah ya ba da ikon cikawa, ya ba gidajenmu lafiya. Amin.